DAGA TAGAR ƊAKINA: Motar Zancen Da Ba Ta Iso Ba

  Wasiƙunku sun iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Masu tambayar kashi na biyu na littafina ku ƙara haƙuri, yana hannun mai bugawa, shi kuma kukan tsadar takarda yake yi.

Yau zancen mota zan yi muku. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Mu ina ruwanmu da mota, mu da ko keke ba mu iya ba?" Tsaya tukuna 'yar uwa. Motar da zan ba ki labarinta saura ƙiris ta cire ƙanwata daga makaranta, alhali a lokacin ko a ƙasar da ake ƙera ta ba a fara sayar da ita ba.

Gidanmu a Birnin Kudu akwai wata tsohuwar darbejiya a ƙofarsa, a nan Yayanmu da abokansa suke kafa majalisa kullum bayan la'asar, wani lokacin har a yi isha'i a dawo. Tagar ɗakina kuwa daidai saitin bencinsu take, don haka ko ina so ko ba na so, ina rubutu ina jin su. Da can ƙwallo ce abin musunsu. Tun da Yaya ya sayi babbar waya sai aka koma mota. Su huɗu ne 'yan gindi: Yaya, da wani makanike da suke kira Injiniya, da wani malamin firamare, sai wani direban Sharon da ke jigila tsakanin Kano da Gwaram, shi kuma Direba kawai suke ce masa. A cikinsu duka Direba ne kaɗai ke kwana da makullin mota a aljihu, ita ma ta maigidansa ce. Amma in kun ji yadda suke raba motocin duniya a tsakaninsu, sai ku rantse kowa gareji guda ya ajiye a bayan gida.

Abin ya samo asali ne a watan Oktoba na 2023, lokacin da kamfanin Honda ya nuna samfurin wata mota fara sol mai ƙofa biyu a bajekolin motoci na birnin Tokyo, ya ce sunanta Prelude. Samfuri fa na ce, wato irin wadda ake ɗorawa a kan dandamali a haska mata fitilu don mutane su ga inda aka dosa. Ranar da Yaya ya ga hoton, ihun da ya yi sai da Innarmu ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wa ya mutu.

Ni kaina sunan ya taɓa ni, kuma a nan zan yi muku wata tonon silili a kaina. Na tashi na tarar da Innarmu da tarin littattafan soyayya na zamaninsu a cikin akwati, waɗanda suka fito Kano wajejen shekarun 1990. A nan na fara sanin cewa saurayin kirki ba ya zuwa zance sai ƙamshin turarensa ya riga shi isowa, kuma ba ya fitowa sai daga Marsandi ko Honda. To da na zo rubuta littafina na farko, sai na sa jarumina a cikin Honda Prelude ja, don sunan ya yi mini daɗi a baki. Wallahi a lokacin ban taɓa ganinta ba. Har na rubuta cewa ya buɗe wa ƙawayen amarya ƙofar baya sun shiga su huɗu. Da Injiniya ya ji, dariya ya yi har da riƙe ciki, domin Prelude ba ta taɓa yin ƙofar baya ba, kujerar bayanta ma da ƙyar take ɗaukar yara biyu. Duk wadda take da littafin, tana iya duba shafin ta yafe mini.

A bakinsu na koyi tarihinta. An fara yin ta a 1978, aka yi ta sabunta ta har sau huɗu, sannan aka daina a 2001. Wadda ta fito a 1982 da wadda ta biyo ta a 1987 su ne masu fitilar nan da ke kwance a cikin bonet, sai an kunna ta ɗago kai kamar mai farkawa daga barci. Ta 1987 ɗin har tayoyin bayanta suna ɗan juyawa tare da na gaba in an murza sitiyari, abin da ya zama abin kallo a zamanin. Sai kuma abin da ya fi ba ni dariya: ashe su kansu mutanen Japan laƙabin da suka yi mata a shekarun 1980 shi ne motar zance, don samarinsu da ita suke zuwa ɗaukar 'yan mata. Kun ga ashe ba a Kano kaɗai ake wannan ciwon ba. Malam kuma ya ƙara da cewa ma'anar sunan a Turance kamar sharar fage ne, ɗan kiɗan da ake fara yi kafin a shiga gangariyar waƙa.

To daga wannan hoto guda aka shiga musu, aka yi kusan shekara biyu ana yi.

Yaya ya kafe a kan fitila. Shi dai a wurinsa Prelude ba ta cika Prelude ba sai fitilarta tana ɗagowa, kuma wai na jikin samfurin yaudara ce, in za a fitar da ta gaske za su mayar. Malam ya ce masa ya manta, tun wajen 2004 aka daina yin motoci masu irin wannan fitila, saboda dokokin Turai na kare mai tafiya a ƙasa, in mota ta buge mutum ƙusurwar fitilar tana ƙara masa rauni. Yaya ya ce dokar Turai ba ta hau kan Japan ba. Malam ya ce to su waye za su saya?

Injiniya shi kuma damuwarsa giya. "In dai ba ta da kuloci, ba ta da giyar hannu, to motar mata ce," in ji shi. Ina jin haka na buga tagar da ƙarfi. Ya ɗaga murya ya ce, "A yi haƙuri Hajiya marubuciya, suɓutar baki ce." Shi fatansa a sa mata injin Civic Type R, mai ƙarfin dawaki sama da 300. Da aka ce masa ai Honda ta riga ta faɗa cewa motar mai haɗin fetur da lantarki ce, sai ya tsuke fuska ya ce to shi ke nan an kashe masa kasuwa, domin ranar da irinta ta lalace a Birnin Kudu babu wanda zai iya taɓa ta sai an ɗauko na'ura daga Kano.

Wani ɗan makaranta da ke raɓarsu ya ce shi ya ji V6 za a sa mata kuma tayoyin baya ne za su riƙa ja. Injiniya ya ce, "Kai yaro, tun 1978 ba a taɓa yin Prelude mai silinda shida ba, huɗu ne, kuma da tayoyin gaba take ja. Je ka yi aikin gida."

Direba ba ya cika magana, sai ya bari sun gaji. Shi tambayarsa guda ce kullum, "Ƙasanta nawa ne daga titi?" Ya ce duk motar da aka yi don gudu sai an kwantar da ita ƙasa don kada iska ta ɗauke ta, to a kawo ta nan ta hau tudun rage gudu na bakin kasuwa ɗaya, a ga ko za ta sauka da salansarta. Ya ce da Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, da ita aka san hanya, don ita an yi ta ne da tunanin ƙasa irin tamu. Su kuma su ce masa tsoho.

Har suna suka riƙa raɗa mata tun ba ta zo ba, tunda kun san mu ba ma barin Honda da sunan yankanta. Mun yi Hala, mun yi Baby Boy, mun yi End of Discussion. Yaya ya ce wannan Amarya za a kira ta. Direba ya ce a'a, Sai Gobe.

Duk wannan nishaɗi ne, ba wanda ya yi asarar ko sisi sai kuɗin shayi. To bari in kai ku Gwaram.

Goggona tana aure a can, kuma autarta abokiyar wasata ce, ko da yake na girme ta da shekara bakwai, don haka Anti take ce mini. Auta yarinya ce mai kai, lissafi kamar ruwa, tun tana aji uku take cewa ita aikin jinya za ta karanta. Bayan ƙaramar sallar 2024 sai na ji shiru, ba waya ba saƙo. Can cikin damina, lokacin hutun da za su shiga aji shida, sai ga Goggo ta kira Innarmu tana guɗa a waya: Auta ta yi miji, yaro ɗan Kano, mai kuɗi, yana so a ɗaura kafin ƙarshen shekara. Innarmu ta ce makarantar fa? Goggo ta ce ai ya ce zai sa ta a wadda ta fi wannan in sun tare. Wace ce a cikinku ba ta taɓa jin wannan alkawarin ba?

Innarmu ta ce in shirya in je in gano mata. Na bi motar Direba da safe, mu goma a Sharon har da buhun taki a but. Muka wuce Babaldu ana yayyafi, gonaki sun yi kore shar, gero ya fara fitar da kai. Duk inda muka zo gada sai in ga Direba ya rage gudu ya leƙa, ya ce tun daminar 2021 da wata gada ta karye a yankin Gwaram, bas ta afka cikin ruwa mutum fiye da 20 suka rasu, bai ƙara yarda da gada ba in ruwa ya kwana yana zuba. Motar ta yi tsit, wata tsohuwa ta yi musu addu'a muka shafa.

Na tarar da Auta ta canja. Ta yi lalle, ta koyi wani irin yanga da ido, littattafanta kuwa na hango su a saman sif ƙura ta rufe. Da daddare muna kwance a gado ɗaya ta fara ba ni labari. A bikin wata ƙawarta suka haɗu. Zuwansa huɗu, kuma kowane zuwa da motar da yake zuwa da ita: ya zo da Camry, ya zo da Accord, ya zo da wata jif baƙa da yaran unguwa suka yi ta bi. Goggo tun daga jif ɗin ta sallama.

Sai ta rage murya ta ce, "Anti, duk waɗannan ba komai ba ne. Akwai wadda ya yi oda daga Japan, ya riga ya biya, tana kan ruwa. Ya ce da ita za a ɗauke ni, kuma ni ce mace ta farko da za ta shige ta a duk Najeriya. Irin ta littafinki ce ma."

Gabana ya faɗi. Na ce mu gani.

Ta miƙo mini waya. Farar mota a kan dandamali, fitilu sun haske ta. 'Yan uwa, hoton nan na gan shi ya fi sau hamsin a hannun Yaya. Na Tokyo ne, na 2023. An dai yanke gefensa don kada a ga mutanen da ke tsaye.

Na yi shiru na ɗan lokaci, domin abin da nauyi. Yarinya ce tana cikin farin cikin da ba ta taɓa shiga ba, ni kuma ina riƙe da allurar da za ta fasa shi. Kuma ga wannan kalma da ta faɗa, irin ta littafinki. Ashe ni na share masa fagen. Ta gaya masa tana son littafin, ya tambayi motar da ke ciki, ya je ya nemo hoto.

Na ce, "Auta, me ya ce miki game da ita?"

Ta ce ya ce giya shida ce ta hannu, ƙararta tun daga Sara za a ji ta a Gwaram, kuma fitilarta ɗagowa take yi kamar yadda na rubuta.

Na ce, "Duba hoton da kyau. Ina fitilar da za ta ɗago?"

Ta duba, ta ce ai wataƙila a ɓoye take.

Daga nan na zazzage mata duk abin da na kwasa a taga. Na ce motar nan ba a fara sayar da ita ba ko a Japan, kamfanin ma bai faɗi kuɗinta ba, to shi wa ya biya, nawa ya biya? Na ce ko da an fara, motar da aka yi don kasuwar Japan sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, kuma doka ta hana hawa titi da mai sitiyarin dama. Wanda ya san mota har yake canja huɗu, ya kamata ya san wannan. Na ce kuma ki tuna hanyar da ta shigo unguwarku daga titi, wadda ruwa ya zaizaye, ɗazu mai babur sai da ya sauke ni na taka da ƙafa.

Ta fizge wayarta ta juya mini baya. Can na ji tana kuka ƙasa-ƙasa. Sai ta ce, "Ke dai Anti baƙin ciki kike yi don ke ba ki yi aure ba."

Ta shige ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ban ce komai ba, amma ban yi barci ba sai bayan kiran assalatu na farko.

Da safe na rasa yadda zan yi. In na gaya wa Goggo, ta riga ta yi nisa, cewa za ta yi 'yan boko sun fara. In na yi shiru na koma gida, to na ci amanar Innarmu. Sai na sami Baffa, mijin Goggo, a zaure yana gyaran fartanya. Dattijo ne mai sanyi, ba ya son hayaniya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, ni ba zan ce yaron nan mutumin banza ne ba, don ban san shi ba. Abu ɗaya na sani, ya faɗi wata magana a kan mota wadda ba gaskiya ba ce. Ina roƙo a yi bincike kafin a karɓi komai."

Ya daɗe yana kallon fartanyar. Ya ce, "'Yar nan, ke a ina kika san mota?"

Na ce a taga, Baffa.

Ya yi murmushi ya ce to ya ji. Ya ce dama shi abin da ya tsaya masa a rai, yaro ya zo sau huɗu amma ko sau ɗaya bai ce ga ranar da manyansa za su zo ba.

Direba aka ɗora wa aikin, tunda kullum yana Kano kuma 'yan mota ba sa ɓoyuwa ga junansu. Kwana tara ya kawo labari. Yaron ba ɓarawo ba ne, ba ɗan shaye-shaye ba ne, maraya ne ma yana riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa uku. Yaron wani dillalin motoci ne. Shi ke wanke su, shi ke kai wa mai saye, wani lokacin shi ke zuwa ɗauko 'yan Kwatano. In an ba shi mota ya kai Bauchi ko Gombe, sai ya ratse ta Gwaram ya yi zance awa guda ya wuce. Abin da ya mallaka a duniya babur ne, shi ma bai gama biya ba.

Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Na so a ce mugu ne, da abin ya zo mini da sauƙi. Sai ga shi yaro ne mai neman na kansa, wanda ya ga yarinya ta burge shi, ya auna babur ɗinsa da jaruman littattafanmu ya ga ba zai kai ba, ya ari jif, jif ta ja masa Prelude. Na tabbata shi kansa bai san yadda zai yi ba in Disamba ta zo. Wataƙila cewa zai yi kwastan sun riƙe.

Baffa ya kira shi ya zaunar da shi a zaure. Ban san abin da suka tattauna ba, ba a kira mata ba. Hukuncin dai da ya fito shi ne babu maganar aure sai Auta ta rubuta jarrabawarta ta fita, kuma in yana so ya ci gaba da zuwa, to ya zo da abin hawansa na kansa, ya kuma turo manyansa su gabatar da shi. Goggo ta yi kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba. Na fi zaton kunyar maƙwabta ce ta fi damunta, don ta riga ta gaya wa duk unguwa zancen motar da ke kan ruwa, har wasu sun fara tambaya ko jirgin ya iso.

Auta ta koma makaranta a watan Satumba, ido a kumbure. Wata huɗu ba ta ɗaga wayata ba. Na aika mata da sabulu da man shafawa da littafin lissafi ta hannun Direba, ta karɓi sabulun da man, ta dawo da littafin.

Yanzu bari in gaya muku yadda musun majalisa ya ƙare, don na san wasunku sun ƙagu.

A watan Satumba na 2025 Honda ta fara sayar da motar a Japan, a kan kuɗinsu yen miliyan 6 da 'yan kai. Da ta isa Amurka aka sa mata dala 42,000. Malam ya ɗauko biro ya buga a bayan kwalin sukari: in an ɗauki dala a naira 1,500, naira miliyan 63 ke nan, ba kuɗin jirgi, ba na kwastan. Direba ya ce a buga masa buhun gero nawa ke nan, aka ce ya yi shiru.

Yaya ya faɗi warwas, fitila ba ta ɗagowa. Injiniya ma ya faɗi, babu kuloci babu giyar hannu, ƙarfinta dawaki 200, injin lita 2 mai silinda huɗu, tana ja da tayoyin gaba. Abin da ya samu na rage zafi shi ne an ɗauko mata birki da kayan ƙafar gaba daga Type R ɗin da yake so. Yadda take aiki ma abin mamaki ne, har na sa Malam ya maimaita mini ta taga. Yawancin lokaci injin fetur ɗin ba shi ke juya tayoyi ba, janareta yake juyawa ya ba da wuta, wutar ta tuƙa motar. Sai an miƙe a babban titi ana tafiya daidai wa daida sannan injin yake haɗuwa da tayoyi kai tsaye. Saboda haka ba ta da giya irin wadda muka sani. Amma da yake masu son irin wannan mota suna son su ji ana canja giya, sai aka yi mata wani maɓalli mai suna S+ Shift, in an danna sai ta riƙa kwaikwayon canjin giya, da ƙarar da ɗan fizgar da komai. Da na ji haka na ce to, ashe ita ma motar tana ari ta yi zance. Aka yi dariya, Injiniya ya ce a ba Hajiya marubuciya shayi.

Wani abin kuma, a watan farko an yi odar kusan guda 2,400 a Japan, alhali kamfanin 300 ya yi tsammani a wata, kuma mafi yawan masu sayen 'yan shekara 50 zuwa 60 da wani abu ne. Wato samarin da suka yi zance da ita a 1987 su ne suka dawo da furfurarsu suka saya. Yaya bai so wannan labarin ba ko kaɗan.

Kuna tsammanin sun haƙura? Ina! Tun kafin wannan ta fito sun riga sun buɗe wani shafin. A watan Nuwamba na 2024, a wajen gasar tseren motoci ta Japan, wani mataimakin shugaban kamfanin Toyota mai suna Hiroki Nakajima ya furta a gaban jama'a cewa za su dawo da Celica, wadda aka yi daga 1970 zuwa 2006. Ita wannan har Direba ya ɗan saki fuska a kanta, don ta yi suna a tseren Safari na ƙasar Kenya, cikin laka da ƙura da ramuka, har wani ɗan Kenya mai suna Ian Duncan ya ci gasar da ita a 1994. Ya ce motar da ta san rami, ita ce za a yi maganar kawowa Gwaram. Sai aka shiga: injin a gaba za a sa ko a tsakiya bayan direba, tunda a Janairun 2025 Toyota ta nuna wata ƙaramar motar gwaji mai inji a tsakiya? Duka tayoyi huɗu za su ja? Za a bar wa Injiniya kulocinsa? Yaya dai ya ce ko me za a yi, a sa mata fitila mai ɗagowa.

Auta ta rubuta jarrabawarta a 2025, sakamako ya yi kyau, har da lissafi da kimiyyar halittu. Mun shirya, ko da yake har yau ba ta janye maganar nan da ta faɗa mini a gado ba, ni ma ban tayar ba. Yaron bai gudu ba. Ya yi wata biyu bai zo ba, sannan ranar wata Juma'a sai ga shi a kan babur, ya sha ƙura tun daga Kano har girarsa ta yi fari. Goggo ta ce a ce ba ta nan. Baffa ya sa aka kai masa ruwa da fura. Manyansa sun zo sau ɗaya, an gaisa, ba a tsayar da komai ba, domin Auta ta ce sai ta ga yadda neman makarantar jinya zai kasance. Ko za ta aure shi, ko ba za ta aure shi ba, wallahi ban sani ba, kuma wannan karon na kama bakina.

Makon jiya ta aiko mini da saƙo ta hannun Direba, a rubuce a takardar da ta yago daga littafin makaranta. Ta ce ta ji ina rubuta kashi na biyu, to don Allah in sauke jarumin daga Prelude ɗin nan, in kuma lallai sai ya hau ta, in rage ƙawayen amarya su zama biyu, kuma su zama marasa tsawo.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu ta adireshin mujalla.

Taku har kullum,
Mai Tagar Darbejiya, Birnin Kudu.